Ku Tambaya Mu Amsa: Layi ɗaya na goge, inji ya koma sandarewa

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa daga nan Yamai. Wasiƙu uku na ɗauko wannan karon, ta farkon ce za ta ci mana fili sosai don abin da ya sami mai ita yana jiran duk wanda ya fara sa hannu cikin kanel ɗin Linux, wato ɓangaren nan da ke riƙe da memwar da furosesa da duk na'urorin da ke jikin kwamfuta. Sunayen da ke cikin kod na bar su yadda suke, don haka za ku gan su a ekaran.

Tambaya daga wani ɗalibi, Tawa

Malam ina wuni, ya aiki ya zahi. Ni ɗalibi ne shekarar ƙarshe, aikin da anka ba ni shi ne in haɗa ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi da zai riƙa lura da pampon sola na garkar albasa ta kawuna, yana auna ruwa yana aje lissahi. Na rubuta modul na kanel, wato ɗan kod da ake lodawa cikin kanel, da ke amsar memwar da kmalloc yana zuba awon ciki, sannan na sa taima, wato agogon kanel, da za ta riƙa tashi kowane rabin sakan tana share tsohon awo tana maida memwar. Kod ɗin daga wani tsohon darasi na ɗauko shi a intanet, da na zo haɗa shi sai ya ce bai san init_timer ba, ni ko sai na goge layin na ɗan taɓa nan da can har ya wuce ba ƙorahi. To tun ran nan ban huta ba. Wani lokaci ya yi aiki lahiya lau, wani lokaci ina loda modul inji ya sandare, abin da ya hi ba ni mamaki ma in na cire modul da rmmod sai bayan ɗan lokaci ya mutu, kuma rubutun da ke hitowa babu sunan kod ɗina ciki sai sunayen abubuwan memwar na kanel. Abokaina na fada sun ce kanel ɗin ne bai da kyau ko katin Pi ɗin ya lalace in sayi wani, ni kuma jikkunan da nike da su ba su kai ba, ga ranar kare aiki gaban malamai ta matso. Don Allah a taimaka.

Amsa

Lafiya lau ƙanena, Allah ya ba da sa'a. Ka riƙe kuɗinka kar ka sayi komai, katinka ƙalau yake kuma kanel bai yi maka laifi ba. Matsala biyu ce kake da ita, ɗaya wajen kunna taima ɗaya wajen kashe ta, kuma ta farkon daga layin nan da ka goge ta taso.

Bari mu leƙa cikin taimar tukunna. Abin da ake kira struct timer_list ɗan ƙaramin wuri ne cikin memwar mai ɗauke da abu huɗu, akwai mahaɗin da ke ɗaure ta cikin jerin taimomin da ke jiran lokacinsu, akwai lokacin da za ta tashi, akwai adireshin fonksiyon da za a kira, sai wasu alamomi da a cikinsu ake rubuta lambar furosesan da ke kula da ita. Aikin layin da ka goge shi ne ya gyara waɗannan wuraren kafin a fara amfani da su. Shi kuma kmalloc ba ya share wuri kafin ya miƙa maka, duk tarkacen da mai wurin na baya ya bari haka za ka tarar da shi. Ranar da ka yi sa'a wurin ya zo da sifili sifili, kanel ya karanta ya ga taima ba ta cikin jeri kuma ta furosesa na farko ce, shikenan komai ya tafi daidai, wannan ita ce ranar da kake cewa ya yi aiki lafiya lau. Ranar da tarkace ya zo kuwa, kanel na iya karanta lambar furosesan da babu shi sam, Pi ɗinka huɗu gare shi amma rubutun ya ce na dubu kaza, sai ya tafi neman jerin taimomi a adireshin da ba kowa, nan take inji ya sandare.

Wanda ya fi muni shi ne in tarkacen ya faɗa kan mahaɗin. Kanel zai ɗauka taimar tana cikin jeri tun da can, to in ka kira mod_timer sai ya fara ƙoƙarin kwance ta daga jerin, kwancewar kuma rubutu ce a adireshin maƙwabtanta na gaba da na baya, alhali adireshin nan na bogi ne. Kaga ya yi rubutu cikin memwar wani bawan Allah da bai san hawa ba bai san sauka ba. Ba lalle inji ya mutu a lokacin ba, sai can bayan sakan goma ko minti ashirin mai rabon memwar ya zo ɗaukar wuri ya tarar lissafinsa ya rikice, shi ne zai yi ihu, sunansa ne zai fito a ekaran. Shi ya sa ka ga sunayen abubuwan memwar ba ka ga naka ba, kuma wallahi wannan ne ke ɓatar da mutane da yawa har su kwana suna bincike inda ba nan ɓarnar ta faro ba.

Dalilin da ya sa init_timer ya ɓace kuwa, a 2017 Kees Cook, ɗaya daga cikin masu kula da tsaron kanel, ya jagoranci canza yadda ake shirya taima a ɗaruruwan wurare cikin kanel, timer_setup ya shigo a 4.14, zuwa 4.15 da ta fito a Janairun 2018 an cire tsohon gaba ɗaya. Maganar tsaro ce, a tsohon tsari adireshin fonksiyon da bayanin da za a miƙa masa suna zaune kusa da juna, duk ɓarawon da ya samu damar rubutu a wurin ya samu biyu a ɗaya. Darasin da ka ɗauko ya girmi wannan canji. Yanzu ga yadda za ka yi, ka amshi memwar da kzalloc mai sharewa, layin da ke bi masa kai tsaye ya zama

timer_setup(&awo->taima, share_tsoho, 0);

sai ka gama shirya sauran kayanka kaf sannan ka kunna ta da

mod_timer(&awo->taima, jiffies + msecs_to_jiffies(500));

Ka lura da jiffies ɗin nan da aka tara, mod_timer ba ya jin "nan da rabin sakan", lokaci takamaimai yake so bisa ƙidayar kanel. Fonksiyon ɗin share_tsoho kuma yanzu manunin taimar kanta, wato adireshinta, yake amsa, daga nan ka koma kan awo da from_timer, wanda a sabbin kanel ya koma timer_container_of. Kuma don Allah kar ka sa kzalloc kawai ka ga inji ya daina mutuwa ka ce an gama, ɓoye ciwon ka yi.

Akwai abin da nake so ka riƙe fiye da sunayen nan duka, don sunaye ka ga yadda suke canzawa. Jerin yadda abubuwa ke biyo juna shi ne maganar. Daga lokacin da ka yi request_irq, wato ka nemi a kira kod ɗinka duk sanda na'ura ta aiko sigina, ko ka buɗe fayil a /proc ko /sys, ka buɗe ƙofa kenan, wani furosesa cikin huɗun nan na iya shigowa kod ɗinka ya kunna taima kafin kai ka iso layin timer_setup in ka ajiye shi can ƙasa. Tazarar ba ta kai ƙiftawar ido ba amma tana isa. Haka hanyar fita in wani abu ya ƙi yayin lodawa, mutane na son su yi goto zuwa wuri ɗaya da ke kashe komai, har da taimar da ba a kai ga shirya ta ba, irin wannan syzbot na Google da ke gwada kanel dare da rana ya sha kamawa a kod ɗin manya ma. Sannan kar ka sake kiran timer_setup kan taimar da ke kunne, za ka tsinke jerin da take ciki.

Kanel ɗin da kansa wannan dokar yake bi. In ka buɗe init/main.c ka karanta start_kernel za ka ga ana tada sashen memwar tun kafin a tada taimomi, don kusan kowa na buƙatar memwar kafin ya motsa. Ma'ana kod ɗin memwar ba shi da ikon kunna taima a farkon tashinsa. Dubi KFENCE da ya shigo a 5.12 cikin 2021 don kama masu taɓa memwar da ba tasu ba, tun da wuri yake ware filinsa, amma agogonsa da ke tashi kowane milisakan 100 sai daga baya ake kunna shi bayan taimomi sun tashi. Ina son wannan misalin sosai, aiki ɗaya ne aka raba shi gida biyu kawai don kowane ya zo a lokacinsa.

To mutuwar bayan rmmod fa. Ka san mai tashin mutane sahur a unguwa, ka ce masa ƙarfe huɗu ka buga mini wannan ƙofar, shi ba ruwansa da ko kana nan ko ka tashi daga gidan, lokaci na yi zai zo ya buga. Kai ka cire modul, ka maida memwar da kfree, kod ɗin share_tsoho ma an kwashe shi daga inda yake, amma sunan taimarka na nan cikin jeri, rabin sakan na cika kanel ya yi tsalle zuwa adireshin da babu komai ko kuma an riga an ba wani. Kafin kfree dole ka kira del_timer_sync, a sabbin kanel sunansa timer_delete_sync. Kar ka yi amfani da wanda ba shi da sync a nan, shi cire ta kawai yake yi daga jeri, ba ya jira in fonksiyon ɗin na tsakar aiki a wani furosesa. In kanel ɗinka 6.2 ne ko sama, ta 2023, akwai timer_shutdown_sync wanda ya fi dacewa da cire modul don bayan shi ko wani ɓangare na kod ɗinka ya yi ƙoƙarin sake kunna ta ba za ta kunnu ba. Abu ɗaya dai, kar ka kira su kana riƙe da makullin kod (lock) da share_tsoho ke nema, kai kana jiransa shi yana jiranka, inji ya tsaya har abada.

A cikin share_tsoho kuma ba a barci, wato ba a kiran abin da zai tsaya jira. Ba mutex, ba msleep, ba kmalloc da GFP_KERNEL don shi yana iya tsayawa jiran a samo memwar. kfree babu laifi. Jerin awon da kuke taɓawa tare da sauran kod ka kare shi da spin_lock_bh, ko da irqsave in har daga cikin irq kake zuba awon. In aikin ya yi nauyi ka koma delayed_work, da shi sashen memwar ke tattara lissafinsa na vmstat kowane sakan.

Don ka gani da idonka, ka haɗa kanel na gwaji da CONFIG_DEBUG_OBJECTS da CONFIG_DEBUG_OBJECTS_TIMERS da CONFIG_DEBUG_OBJECTS_FREE, kayan aikin da Thomas Gleixner ya kawo tun 2008. Ka mayar da tsohon kod ɗinka ka loda, dmesg, mai nuna saƙonnin kanel, zai nuna maka layi mai farawa da ODEBUG, in ya ce assert_init not available taima ce ba a shirya ba, in ya ce free active ka maida memwar taima na kunne, kuma zai nuna layin da aka yi laifin a daidai lokacin da aka yi shi. Ka ƙara slub_debug=FZPU a layin tashi, mai rabon memwar zai riƙa cika wurin da ba na kowa ba da 6b, duk sanda ka ga 6b6b6b6b cikin rubutun mutuwa ka san an karanta wurin da aka maida ko wanda ba a rubuta komai ba tukunna. Ka nemi ɗan waya na USB zuwa siriyal mai volt 3.3 ka haɗa a ƙafa ta 8 da ta 10 da ta GND a jikin Pi, gudu 115200, don rubutun ya riƙa zuba kan wata kwamfutar ko inji ya sandare bai ɓace maka ba. Abin da bai shafi pampo ba kuma ka gwada shi cikin QEMU, shirin da ke kwaikwayon kwamfuta cikin kwamfuta, ya mutu ka tada shi nan take ba ka wahalar da katin ba.

Gaskiyar ra'ayina, in da kawunka ne kawai ya ba ka aikin nan da na ce ka bar kanel ka rubuta ƙaramin shiri na yau da kullum, auna ruwa bai buƙaci modul ba kuma in ya mutu shi kaɗai zai mutu pampo na ci gaba. Amma tunda karatu ne ka ci gaba, kuma ka sa wannan matsalar cikin littafinka da hoton ODEBUG kafin gyara da bayan gyara, malamai za su ga ka san abin da ka yi.

Tambaya daga wani mai gyara, kusa da kasuwar Katako, Yamai

Malam sannu da ƙoƙari. An kawo mini wani tsohon akwatin wifi, kana kunna shi yana aiki tsaf, minti biyar na cika sai rezo ya ɗauke, ka kashe ka kunna ya sake ba ka minti biyar. Na canza caja na hure ƙura ba abin da ya canza. Zafi ne ko me?

Amsa

Maigida sannu da aiki. Ka ɗauki agogon wayarka ka auna, sau ɗaya da sanyin asuba sau ɗaya da rana tsaka lokacin da rumfa ta ɗau zafi. In lokacin na bambanta, yau minti huɗu gobe tara, to ka koma kan zafi da kumburarrun kondansatê, kai ka fi ni sanin wannan. In kuwa kullum sakan 300 ne da ƴan sakan na tashin inji, ba ruwan zafi, agogo ne ke magana, don zafin Afrilu ba ya riƙe lokaci haka.

Ga abin da nake zargi. Kanel na da ƙidaya mai suna jiffies da ke ƙaruwa sau 100 ko 250 ko 300 ko 1000 a sakan, ya danganta da yadda aka haɗa shi. A injin bit 32 irin waɗannan tsofaffin akwatuna, ƙidayar na cika in ta kai 4,294,967,296 sai ta koma sifili, a gudun 1000 kwana 49.7 kenan, a gudun 100 kwana 497. Irin wannan ce ta sa Windows 95 ke sandarewa in ya kwana 49.7 a kunne, har jirgin Boeing 787 a 2015 hukumar jiragen saman Amurka ta yi gargaɗi cewa na'urorin da ke kula da janaretocinsa na iya ɗaukewa in suka kwana 248 ba a kashe su ba. To masu Linux sai suka ce ba za su jira wata da watanni kafin kuskure ya bayyana ba, suka sa ƙidayar ta fara daga saura minti biyar ta cika, da gangan, don duk direban da ke kwatanta lokaci da hannu maimakon time_after da time_before, ko wanda ya bar ma'ajin lokacinsa a sifili bai cika shi da jiffies na yanzu ba, asirinsa ya tonu tun yana kan teburin mai rubuta shi. Dabara ce mai kyau ƙwarai, sai dai wasu masu ƙera kaya masu arha ba sa tsayawa gwaji.

Akwai wasu saituna na rezo da su ma sakan 300 ne, don haka ka fara maida akwatin saitin masana'anta. In bai daina ba ka nemi sabon shirin cikinsa daga masu ƙera shi, ko ka duba ko lambarsa na cikin waɗanda OpenWrt, Linux ɗin akwatunan wifi, ke ɗauka. Ka gaya wa mai shi gaskiya tun farko cewa ba aikin dalma ba ne, kar ya biya kuɗin kayan da ba su lalace ba.

Tambaya daga wata ma'aikaciyar ofis, unguwar Plato, Yamai

Malam ina kwana. Ubuntu, wani nau'in Linux, muke aiki da shi. Na kwafi takardu zuwa kle na USB, ya nuna mini ya gama, ina cirewa ko kuran ya ɗauke sai in je wani wuri in tarar fayil babu komai ciki. Wani abokin aiki ya ce agogon kanel ne ya lalace, haka ne?

Amsa

Lafiya lau ƴar'uwa. Agogon ƙalau yake, aikinsa yake yi yadda aka tsara. In kin kwafi abu Linux na fara zuba shi cikin RAM don ya fi sauri nesa ba kusa ba, sai ya ce miki ya gama, daga baya wani ɓangare na kanel ya riƙa sauke shi kan kle a hankali. Wannan ɓangaren kowane sakan 5 yake farkawa, kuma in kayan ba su taru da yawa ba yana iya barin su har su kai sakan 30 kafin ya rubuta, lambobin na nan a /proc/sys/vm, dirty_writeback_centisecs 500 ne dirty_expire_centisecs kuma 3000. Ga kle mai arha da ke rubutu kamar ba ya so, manyan fayil na iya ɗaukar mintoci bayan an ce miki an gama.

Kar ki zare kle sai kin danna alamar fitarwa kin jira ya ce za ki iya cirewa. In kina buɗe taminal ki rubuta sync ki danna, ba zai sake ki ba sai komai ya sauka, in kina son gani da ido kuma ki rubuta grep Dirty /proc/meminfo, lambar da ta fito ita ce abin da ke RAM bai sauka ba tukunna, ki sake bugawa za ki ga tana raguwa. Ban ba ki shawarar taɓa lambobin can ba, in an rage su da yawa inji zai yi nauyi kuma ba za su hana asara ba in kuran ya tafi ana tsakar rubutu. Ki yi wa shugabanku maganar ondilê, ko ƙarami ne mai riƙe kwamfuta minti goma ya isa ki yi sync ki fitar da kle ki kashe inji yadda ya kamata.